Abin da Gwaggo Delia Ta Rubuta a Kan Rijiya

Malachy Durkan ya yi shekara talatin da takwas yana raba wasiƙu a Kilvarra da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ranar da ya ajiye aiki ya mayar wa gwamnati jakarta da motarta, amma bakinsa nasa ne, da shi ya koma gida. Babu gonar da bai san wanda ya fara tsince duwatsunta ba, babu kangon da bai san wanda ya cika a cikinsa ba. In baƙi suka zo daga Amurka neman kabarin kakanninsu, wurinsa ake tura su. Sai ya sa hularsa, ya ɗauki sandarsa, ya shige gaba. Ko ba a ga kabarin ba, baƙin kan koma da labarin da zai ishe su ba jikokinsu.

Abin da ya fi tinƙaho da shi shi ne Rijiyar Waliyyi, wani ɗan marmaro da aka kewaye da duwatsu a gindin tudun da ke bayan coci. Ba a taɓa samun mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya a kan ko wane waliyyi ne ba, amma kowa ya san yadda ake yi. Mai ciwon haƙori ya zagaya rijiyar sau uku da baya da baya, ya tsinke maɓalli ɗaya daga rigarsa ya jefa a ruwan, kuma kada ya ce wa kowa uffan sai ya taka ƙofar gidansa. Al'adar ta daɗe da mutuwa, har sai da wani tsohon shugaban makaranta ya ba Malachy wata takarda da aka buga da keken rubutu, babu suna babu kwanan wata, tana bayanin duk wannan. Malachy ya kafa kwamiti. Shekara talatin ke nan, duk Lahadin ƙarshe ta watan Yuli, garin kan fito bayan an tashi daga coci, masu ciwon haƙori da waɗanda ko haƙoran ba su da su, Malachy a gaba da sandarsa yana tafiya da baya kamar mai jan saniya.

Matarsa Nuala ce ta ga sanarwar a jarida. Kwalejin da ke Castlebar na koyar da tarihi da al'adun ƙasa, kuma ba sai mutum ya ɗauki karatun digiri gaba ɗaya ba. Darasi ɗaya za ka zaɓa, ka je duk Asabar da safe har mako goma sha biyu, in ya yi maka ka dawo ka ɗauki wani. Ta yanke wurin da almakashi ta ajiye masa kusa da kofin shayinsa.

"Me zan koya a can?" in ji shi. "Ni da ya kamata su kira in koyar."

"To ka je ka taimaka musu mana. Ka ga ba su san inda kake ba."

"Ba'a kike yi mini."

"Malachy, tun da ka bar aiki kake bi na daga murhu zuwa wurin wanke-wanke kana ba ni tarihin babbar yunwar da aka yi a ƙasar nan. Na san yunwar nan kamar a gidanmu aka yi ta. Ka je ka samu waɗanda ba su taɓa ji ba."

Abin da ya sa ya yarda a ƙarshe ba maganarta ba ce. Festy Lavelle ne, tsohon mahaucin garin, wanda suka yi firamare aji ɗaya. Ashe Festy ya riga ya yi darussa biyu a ɓoye, ɗaya a kan sunayen wurare, ɗaya a kan tsofaffin gine-ginen dutse, kuma ya fara gyara wa Malachy magana a mashaya a gaban mutane. Wannan kuwa ba abin da za a zuba wa ido ba ne. Da kaka ta shigo su biyun suka yi rajistar darasin al'adun gargajiya da labaran baka, suka riƙa tafiya a motar Festy, wadda har yanzu take ɗan warin nama in an kunna na'urar ɗumama ta.

Su goma sha huɗu ne a ajin. Akwai ma'aikaciyar jinya da ke zuwa kai-tsaye daga aiki tana hamma, akwai manoma biyu da ba sa cire rigar ruwa, akwai wata 'yar Foland da ta auri ɗan Westport take so ta gane abin da surukarta ke nufi in ta hana a sare ƙayar da ke tsakiyar gona. Malamar, Dakta Orla Hession, ba ta kai 'yar Malachy ta fari shekaru ba. Da keke take zuwa, gashinta a jiƙe.

Mako na farko ko minti ashirin ba ta yi tana magana ba Malachy ya ɗaga hannu. Ya ba da labarin gadar Kilvarra da sojojin da suka nutse a ƙarƙashinta. Ajin ya yi tsit, ma'aikaciyar jinya ma ta farka. Da ya gama, Orla ta yi murmushi.

"Labari mai daɗi, Malam Durkan. Wa ya faɗa maka?"

"Kowa ya sani."

"Kowa ɗin wa ya faɗa masa?"

Shekara da shekaru yana ba da labarin nan, ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba. A hanyar komawa gida, sai da suka wuce gidan mai Festy ya ce, "Akwai alewa a aljihun mota, Farfesa. Wa ya faɗa maka? Ni na faɗa maka."

Haka aka yi ta yi. Malachy ya kawo labari, Orla ta yaba, ta tambayi tushensa. Ba da wulaƙanci take yi ba, don har rubutawa take a littafinta. Hakan ma ya fi ba shi haushi, domin babu abin da zai kama ya yi fushi da shi. A mako na huɗu ta ce kowa zai zaɓi al'ada ɗaya ta garinsu ya yi rubutu shafi goma a kanta, ya nuna inda ya samo kowace magana. Malachy bai ko yi tunani ba. Rijiya.

A ranar ne ta nuna musu littattafan yaran makaranta. Kusan shekara tamanin da suka wuce an sa 'yan firamare a duk faɗin ƙasar su tambayi tsofaffin gidajensu labarai da magunguna da camfe-camfe, su rubuta a littattafan aji. An adana littattafan, yanzu kuma an ɗauki hotonsu shafi shafi, ana iya dubawa a kwamfuta. Orla ta zaunar da su a ɗakin karatu ta ce kowa ya nemi makarantar garinsu.

Malachy bai iya kwamfuta ba, 'yar Foland ce ta riƙa danna masa. Makarantar Kilvarra ta fito. Maganin tari, sunayen gonaki, labarin wani doki da ya yi magana. A shafi na arba'in da wani abu sai ga rubutun yarinya, manyan baƙaƙe a karkace, da ɗigon tawada a gefe. Sau uku da baya da baya. Maɓalli ɗaya. Kada a yi magana sai an isa gida. Kalma da kalma irin na takardar da ke cikin akwatinsa. A ƙasa an rubuta: Delia Durkan, shekara goma sha ɗaya. Na samo daga kakana Patrick Durkan, manomi, shekara saba'in da shida.

Sai da ya cire tabarau ya goge. Delia ƙanwar mahaifinsa ce, tana nan da ranta, shekararta tamanin da tara, gidanta bai fi tafiyar minti goma daga nasa ba. Patrick kuwa kakan ubansa ne. Ashe al'adar nan daga gidansu ta fito. Ya kira Orla ta zo ta gani, ya kira Festy, ya kira har mai kula da ɗakin karatun.

"Ga wanda ya faɗa mini," ya ce, yana ƙwanƙwasa gilashin kwamfutar da yatsa. "Da sunansa da shekarunsa."

"Ka yi sa'a," in ji Orla. "Mai rubutun tana raye. Ka je ka ɗauki muryarta. Mutane kaɗan ne ke samun wannan."

Ranar Talata da hantsi ya je, da ƙaramin rikoda da kwalejin ta ba shi aro, da kwafin shafin a cikin leda saboda yayyafi. Gwaggo Delia ba ta taɓa aure ba. Tela ce, ita ta ɗinka rigar amarcin rabin matan garin, har yanzu kuma keken ɗinkinta na nan bakin taga, tana karɓar ƙananan gyare-gyare in idonta ya yarda. Ya same ta gefen murhu, kyanwarta a cinya, rediyo na karanto sunayen waɗanda suka rasu a yankin. Ta ɗaga masa hannu ya jira har aka gama.

"Babu wanda na sani yau," ta ce, ta kashe. "Ɗora buta, ɗan Martin. Akwai burodi a ƙarƙashin kwano, man shanu na kan taga."

Ya haɗa shayin, ya zauna, ya kunna rikodan, ya faɗi kwanan wata da sunanta da murya irin ta masu karanta labarai. Sannan ya miƙa mata shafin. Ta sa tabarau, ta kai takardar kusa da hanci, ta daɗe tana dubawa. Kafaɗunta suka fara rawa. Ya ɗauka kuka take, har ya fara laluben hankici. Ashe dariya ce.

"Dubi yadda na rubuta 'maɓalli'," ta ce. "Malam Hanley, malamin ajinmu, bai ma gyara ba."

"Gwaggo, ki faɗa mini yadda Kaka Patrick ya ba ki labarin. A ina kuke zaune? Da turanci ya faɗa ko da harshenmu?"

"Kaka Patrick? Mutumin da kurma ne tun kafin a haife ni? In ka tambaye shi labarin rijiya sai ya faɗa maka yadda kasuwar shanu ta ci. Ban tambaye shi komai ba."

"To wa kika tambaya?"

"Ba kowa. Ranar Juma'a Malam Hanley ya ce kowa ya zo da labari ranar Litinin, wanda bai kawo ba kuwa akwai wata tsumagiya da yake ajiyewa a bayan allo. Ni kuma na yi Asabar da Lahadi a bakin teku da 'yan gidan Lavelle. Litinin da safe na zauna a kan katangar coci na rubuta. Rijiyar na gani a gabana, shi ya sa na ce rijiya."

Malachy ya nuna shafin da yatsa. "Maɓallin fa?"

"Na kwat ɗina ne ya maƙale a ƙyauren gonar wani ya ɓace. Na ce in ya shiga littafin makaranta, sai in ce wa mama jefawa na yi saboda haƙori. Ta san ƙarya nake, ta make ni duk da haka."

"Rashin magana har a isa gida?"

"Wannan don ubanka na sa. Martin, Allah ya jiƙansa, tun daga makaranta har gida bakinsa ba ya hutawa. Ba a ƙasa ka tsinta ba, ka sani. Na karanta masa, ya yarda, na samu hutun kwana ɗaya."

"Tafiya da baya..." Muryarsa ta yi ƙasa.

"So nake in ga ko akwai wanda zai yi. Martin ya yi, a zagaye na biyu ya faɗa ciki har ƙugu."

Ya miƙa hannu ya kashe rikodan. Kyanwar ta sauko ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Ya tuna shekara talatin, ya tuna likitan garin da Fada, limamin cocinsu, da ɗan majalisar yanki suna ja da baya a cikin taɓo, ya tuna shekarar da jarida ta buga hotonsa. Ya tuna kuma ita kanta Delia, duk shekara a kan kujerar da ake ɗauko mata daga coci, bargo a gwiwa, tana kallo tana share ido. Shi ya ɗauka tuna baya take yi.

"Shekara talatin, Gwaggo. Kina zaune kina kallo. Me ya hana ki faɗa mini?"

"Wa ya tambaye ni? Ka zo da takardarka kana ta rawar jiki, ka kafa kwamiti, ka sa ni a masu dafa shayi. Shekarar farko na ce zan faɗa maka in an gama. Sai na ga mutanen da suka yi shekaru ba sa gaisawa suna dariya tare, suna riƙe juna kada su faɗi. Washegari kuma duk suka yi layi a nan in mayar musu da maɓalli. Ban taɓa samun 'yan hira irin na makon nan ba." Ta kurɓi shayi. "Kuma sandar nan tana yi maka kyau. Kunna abinka."

"Me ya rage a ɗauka?"

"Kunna dai. Ba tarihin rijiya kake nema ba?"

Ya kunna, ba don yana so ba. Ta ajiye kofin, ta gyara bargon, muryarta ta sauya.

"Abin da ake yi a rijiyar nan na gaskiya, ban rubuta ba, don a lokacin ba labari ba ne, kowa na yi. In yarinya za ta tafi, Amurka ko Ingila, da sassafe kafin motar da za ta kai ta tashar jirgin ƙasa ta iso, matan gidansu kan raka ta rijiya. Mata kawai. Ta sha da tafin hannunta, uwarta ta cika mata ƙaramar kwalba, ta toshe da tsumma ta sa mata a akwati. Ba addu'a mai tsawo, ba waƙa. Wai don in ruwan can bai karɓe ta ba, ta ɗiga na gida a ciki. Na raka yayata Nora ina da shekara goma sha huɗu. Kwalbar maganin tari ce, mai ruwan ƙasa-ƙasa. Mama ba ta yi kuka a rijiya ba, sai da muka dawo ta ga Nora ta manta safarta a kan igiya."

Malachy ya san sunan Nora. Shekara da shekaru shi yake kawo ambulan mai tambarin birnin Cleveland na Amurka gidan nan duk Kirsimeti, har shekarar da ambulan ɗin ya daina zuwa. Bai taɓa tambayar abin da ke ciki ba.

"Ta taɓa dawowa?"

"Ko sau ɗaya. 'Yarta ta rubuto mini bayan rasuwarta, ta ce sun ga wata kwalba a durowar kayanta, ruwan ya kusa ƙafewa, ba su san ko ta mece ce ba. Na ce su bar ta inda suka gan ta." Ta dubi rikodan. "Ya ɗauka? To kashe, ka ƙara mini ruwan zafi."

Da ya koma gida bai taɓa dankalinsa ba. Nuala ta tambaya sau biyu kafin ya faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe da fuska a ɗaure, sannan ta ce za ta duba shanya, ta fita bayan gida. Ta taga yana hango ta riƙe da igiyar shanya, ta sunkuya, jikinta na girgiza. Da ta dawo idonta jajur, ta dafa kafaɗarsa.

"Kwat ɗina mai ruwan toka," ta ce. "Maɓalli shida na ba rijiyar nan daga jikinsa."

"Ki yi dariyarki a gabana, ya fi."

"Na gama. Ci abincinka."

Asabar biyu a jere Malachy bai ɗaga hannu a aji ba. Festy ya fara damuwa, har ya tambaye shi ko likita ya faɗa masa wani abu ne. A Asabar ta biyun ya jira kowa ya fita, ya samu Orla tana naɗe wayar kwamfutarta, ya ce yana so ya sauya batun rubutunsa. Zai yi a kan gadar nan.

"Gwaggon ba ta yarda ta yi magana ba?"

"Ta yi magana. Da ma ba ta yi ba."

Ya kunna mata. Ta zauna a bakin tebur tana ji. Da aka zo wurin Martin ya faɗa ruwa sai da ta toshe bakinta. Da aka zo wurin Nora ta sauke hannun, ba ta motsa ba har aka gama.

"Malam Durkan, ka san abin da ke hannunka kuwa? Al'adu da yawa da muke karantawa wani ne ya fara su wata rana, amma ba mu san ranar ba, ba mu san mutumin ba. Kai ga taka da ranarta, da katangar da aka zauna aka ƙirƙiro ta. Abin da gari ya yi shekara talatin yana yi kuma ya zama nasa, ko daga ina ya fito. Sannan ga ta biyun, wadda ban taɓa jin ta daga yankinku ba."

"Za su yi mini dariya har ranar da za a binne ni."

"Za su yi," in ji ta. "Amma ka rubuta."

Ya yi mako uku yana rubutu a teburin kicin da biro, Nuala na buga masa a kwamfutar 'yarsu tana cire duk inda ya ce "kamar yadda kowa ya sani". Rabin farko bai yi masa daɗi ba, amma bai ɓoye komai ba, har hotonsa na jarida ya sa. Rabi na biyu ne ya tafi da shi. Ya zauna ya tuno gidajen da ya riƙa kai wa ambulan daga Cleveland da Boston da Birmingham, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da rikodansa. Wannan karon shi ke tambaya, kuma ya koyi yin shiru har mutum ya gama, abin da Nuala ta ce da ta san kwaleji na koyar da shi da tun suna da ƙuruciya ta tura shi. Tsofaffi huɗu suka tuna kwalbar. Ya tattara sunayen mata talatin da ɗaya da aka raka rijiyar.

A mako na goma kowa ya karanta nasa a gaban aji. Malachy ya tsaya da takardunsa, ya karanta ba tare da ya ɗaga kai ba. An yi dariya inda ya san za a yi, aka yi shiru inda bai zata ba. 'Yar Foland ta ce ita ma uwarta ta cusa mata ƙullin ƙasar lambunsu a jaka ranar da za ta taho. Festy bai ce komai ba a mota, wanda hakan ya nuna wa Malachy cewa ajiye maganar yake don inda ta fi amfani.

Kafin Lahadi babu wanda bai ji ba. Da aka fito daga coci, maza uku suka wuce ta gabansa da baya da baya, suka ɗaga masa hula. Mai shagon kayan masarufi ta tambaye shi ko wa ya faɗa masa farashin madara. Malachy ya sha, ya haɗiye, wani lokacin ma har ya tanka. Da kwamiti ya zauna ya miƙe ya ce shi ya sauka, kuma a ganinsa a daina bikin. Fada ya ce shi dai tun da ya fara zagayen nan haƙorinsa bai sake ciwo ba, ko da yake a shekarar ce aka cire masa na ƙarshe. Aka kaɗa ƙuri'a, aka ce biki na nan, shugaba ma na nan, sai dai daga baɗi za a karanta sunayen matan nan talatin da ɗaya kafin a fara komai.

Sakamako ya fito bayan Kirsimeti. Malachy ya samu sittin da huɗu. Orla ta rubuta a ƙasa cewa aikin na da daraja ƙwarai, amma bai bi ƙa'idar jera sunayen littattafai ba, kuma shafi goma aka ce, ba ashirin da uku ba. Festy, da ya yi nasa a kan yadda ake yanka alade a gida a da, ya samu sittin da shida, kuma ya tabbatar kowa a mashaya ya san bambancin. Da Malachy ya kai wa Gwaggo Delia takardar ta duba ta tsuke baki.

"Sittin da huɗu cikin ɗari? Ni goma cikin goma Malam Hanley ya ba ni, a kan katanga kuma na rubuta."

Da sabon zango ya kama, Malachy ya yi rajistar darasin tarihin ƙaura, Festy ya bi shi don kada a bar shi a baya. Orla kuma ta roƙi a kawo mata Delia ta yi wa sabbin ɗaliban al'adu magana. Delia ta sa aka gyara mata gashi, ta sa kwat ɗinta na zuwa jana'iza. Malachy ya ari motar Nuala ya kai ta, ya zauna a kujerar baya ta ajin.

Awa ɗaya da rabi ta yi. Ta ba su labarin katanga da tsumagiya, ta ba su na Nora. Sannan wani ɗalibi ya tambaya ko akwai wata tsohuwar al'adar da ta tuna. Ta kalli rufin ɗakin, sai ta ce a zamaninsu in masunci zai fita teku karon farko, uwarsa kan ɗinka masa ƙwayar gishiri a cikin kalmasar wandonsa na hagu, kuma ba a faɗa masa, in ya sani abin ya karye. Ta faɗi sunan matar da ta koya mata ɗinkin da irin zaren da ake amfani da shi. Alƙaluma ashirin suka duƙufa. Orla ma ta rubuta, amma Malachy ya ga ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, shi kuwa ya ɗaga kafaɗa, don bai sani ba.

A hanyar gida ruwa ya sauko. Delia ta buɗe jakarta ta ciro biskit biyu da ta naɗo a hankici daga teburin shayin kwalejin, ta ba shi ɗaya.

"Gwaggo, maganar gishirin nan. Gaskiya ce?"

"Yarinyar nan mai keke tana da hankali," in ji ta. "Sai dai ba ta cin abinci."

"Gishirin nake tambaya."

"Ka je ka tambayi Bridgie Padden a gidan tsofaffi na Belmullet, 'yar matar da ta koya mini ɗinkin ce. In ta tuna, ka rubuta. In ba ta tuna ba, ka zo mu sake magana. Rage gudu, akwai tumaki a kwanar nan."

Ya rage gudu. Tumakin na nan kuwa, uku, a tsakiyar titi. Ranar Alhamis ya sake aron rikodan ya tafi Belmullet.